Ranar da Anselmo Ya Rufe Baki

A duk unguwarmu ta Lanús babu wanda bai taɓa samun shawara daga Anselmo Quiroga ba, ko ya nema ko bai nema ba. Mijin yayata Delia ne, don haka ni na fi kowa shan wahalarsa. Shekara da shekaru yana tuƙa bas zuwa cikin Buenos Aires, yana leƙen fasinja ta madubi yana faɗa musu ciwonsu: wannan uwarsa ce ta sangarta shi, waccan tsoron aure take ji. A garinmu kusan kowa yana da likitan da yake zuwa ya amayar wa da damuwarsa, shi kuwa Anselmo cewa yake ya fi su duka.

In aka zauna shan mate, shayin ganyen da muke zuƙa da tsinke a ƙoƙo ɗaya bi da bi, ƙoƙon ya zagayo hannunsa, to sai haƙuri. Zai riƙe shi yana zuba bayani, ruwan ya huce, tsinken zuƙar bai ko kusanci bakinsa ba, har sai wani ya ce, "Anselmo, sha ka miƙo, ai ba lasifika ba ce!"

Bayan Delia ta rasu, shi kuma ya ajiye tuƙi, gidan ya yi masa faɗi. Sai ya ja ni muka shiga sakandaren manya, don dukkanmu ba mu gama ba muna yara. A ajin ƙarshe aka kawo mana darasin ilimin halayyar ɗan Adam. Ranar farko ya shiga yana buɗa kafaɗa.

"Nélida," ya ce mini, "wannan kam ni zan koya musu."

Ya kuwa yi karatu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya haddace yadda yaro ke girma, da yadda baƙin ciki ke sauka a zuciya. Amma malamarmu Griselda, wadda a haife ya haife ta, ta ba mu wani aiki: kowa ya sami mutum ɗaya ya saurare shi har ya gama, ba katsewa, ba shawara.

"Shi ke nan aikin?" in ji Anselmo. "Malama, ai wannan ko bango zai iya."

"To zama bangon mu gani, Malam Anselmo."

Aji ya fashe da dariya, ni na fi kowa.

Na san wanda ke ransa. Ɗansa guda ne, Lisandro, makanike. Tun rasuwar uwarsa ya daina zama wajen gashin naman da muke yi duk Lahadi. Zai leƙo, ya karɓi mate sau ɗaya, ya mayar da ƙoƙon ya ce "na gode", wanda a wurinmu ke nufin kada a ƙara maka, ya kama hanya. Duk lokacin da ya fara ambaton Delia, uban zai tare shi da yadda namiji ke jure rashi. Yanzu kuma ana cewa zai tafi kudu aikin man fetur, kuma masu tafiya can ba su cika dawowa ba. Anselmo bai taɓa cewa abin yana cin sa ba, amma kowace Lahadi sai ya gasa haƙarƙarin da yaron ke so, kare ya cinye.

Lahadin da ta biyo baya ina tsakar gidan Anselmo ina yanka tumatir Lisandro ya shigo, makullin babur a hannu. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran bas. Uban ya miƙa masa mate, ya sha, ya mayar. Anselmo ya sake cika ƙoƙon, ya kai baki, bai ce uffan ba.

Shirun ya yi tsawo har yaron ya ɗago.

"Tsoho, lafiya kuwa? Ko haƙori ne?"

Anselmo ya girgiza kai, ya ci gaba da zuƙa.

Lisandro ya juya makullin, ya sake juyawa. Can ya ce, "Har yanzu in na tashi daga aiki sai na ɗauko waya zan kira Mama."

Na ga bakin Anselmo ya motsa. Na rantse babin baƙin ciki ne guda cur a kan harshensa, don a makon muka karanta shi. Tausayinsa ya kama ni. Sai ya cusa tsinken a baki ya danne da haƙora. Ruwa ya ƙare, ƙoƙon yana ta ƙara, shi yana ta zuƙar iska.

Yaron kuwa ya ɓalle. Ya faɗi asibiti, ya faɗi rigarta da ya ɓoye a garejinsu, ya faɗi yadda gidan nan ke shaƙe shi. Nama ya ƙone a kan wuta, ba wanda ya waiwaya. Hawaye na bin gashin bakin Anselmo, bai saki tsinken ba.

Da ya gama, Lisandro ya share fuska ya dubi uban.

"Tsoho, ƙoƙon nan ya bushe tun ɗazu. Zuba ka miƙo."

Anselmo ya zuba ruwan zafi, ya miƙa. Lisandro ya sha, ya ajiye makullin a kan tebur, ya mayar wa ubansa ƙoƙon.

Bai ce na gode ba.