Ɗakin da Barmo Ya Zaɓa

A Falanko, in gardama ta tashi a kan ruwan sama, ba a daɗewa wani zai ce a je a tambayi Barmo. Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da ma'aunin ruwa na ma'aikatar noma, wani gwangwani mai bakin mazurari da aka kafa a kan ƙarfe a bayan gidansa, shi kuma ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kowace safiya ta damina zai tsiyaye abin da ya taru a cikin kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta, ya aika Tanut. Aji huɗu kawai ya yi a lakwal, makarantar boko, amma a kan wannan kwalba ko injiniya bai isa ya ja da shi ba.

Taurin kai kuwa Allah ya ba shi ba da mudu ba. Manomi zai zo da murna ya ce jiya an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, Barmo ya ce masa milimita tara ne, ya mayar da irinsa rumbu. Abin haushin shi ne sau da yawa shi ke da gaskiya. Har suna aka laƙaba masa, Malam Milimita, kuma in an kira shi da shi yakan amsa.

Ɗansa na fari Abdulgafar ne, sai dai ba a taɓa jin wannan suna a bakin Barmo ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Yana ƙarami yakan ce da shi "kai", da ya girma ya koma "wancan". Abdulgafar ya karanta aikin jinya a Damagaram, wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Jamus aiki a gidan kula da tsofaffi, a wani gari da ake kira Hagen. Tun daga nan uban ya samu sauƙi, ya koma ce masa "mutumin Jamus".

Ran da suka fara magana ta talho, wato wayar hannu, Barmo bai tambayi abinci ba, bai tambayi aiki ba. Ƙasar ya tambaya. Ɗan ya gaya masa garin a cikin kwari yake, tuddai masu duhun itatuwa sun kewaye shi, koguna huɗu ne ke ratsa yankinsa kuma babu wanda ke ƙafewa. Mutanensa sun kusa dubu ɗari da casa'in, bai kai Damagaram ba, amma ya ninka Tanut sau da yawa. Ruwan sama kuma yakan kai milimita dubu a shekara, ba shi da damina ba shi da rani, duk watan da ya ga dama yake zuwa.

Barmo ya ce, "Dubu? Ka dai sake tambaya. Mu nan shekarar da muka ga ɗari uku har tsofaffi sai sun yi ƙiba."

A wannan hirar ce maganar ɗaki ta taso. An nuna wa Abdulgafar guda biyu. Ɗaya a ƙarƙashin wani gida yake, rabinsa cikin ƙasa, tagarsa daidai ƙafafun masu wucewa, taku kaɗan daga kogin da ake kira Volme. Ɗayan yana hawa na huɗu a can gefen tudu, sai an yi tafiya. Ya nemi shawarar mahaifinsa, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Barmo bai ga abin shawara ba. Mutumin da ya tashi yana jan guga a rijiya mai gaba arba'in, wanda ya ga ƴan'uwa sun daina gaisawa a kan gonar kwari, a ce masa ga ruwa a ƙofar ɗaki kuma ya tsaya tunani? A yankinsu na Damargu wanda ke kusa da ruwa shi ne mai arziki, na kan tudu shi ke shan iska da wahala. Ga kuma sanyin da ake faɗa, ai ko gafiya ta san rami ya fi ɗumi.

Matarsa Sakinatu tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Malam, mutum da ransa ya riƙa kwana a rami?"

Bai ko kalle ta ba. Ya ce a talho, "Ka ɗauki na ƙasa. Na gama magana."

"To, Baba," in ji Abdulgafar.

Shekara biyu Barmo yana cika baki da ɗakin nan. Duk Juma'a bayan masallaci yakan hau tudun yashin da ke gabas da gari, inda rezo, wato layin talho, ya fi kamawa, su gaisa, sannan ya ce a jiyar da shi kogin. Abdulgafar zai ce ya ɗan dakata, ya sake kira bayan ɗan lokaci, sai ga ƙarar ruwa na gudu ta cika kunnen tsohon. Daga nan ya sauko majalisar ƙofar shagon abokinsa Attahir ya ba da labari, ya ce mutumin Jamus da kukan kogi yake barci, kuma shi ya zaɓa masa wurin.

Daminar 2021 ta zo da rowa. Ana saura kwana biyar Babbar Salla, gero ya fito ya tsaya kamar an tsawata masa, kwana goma sha ɗaya Barmo na rubuta sifiri. Ranar Alhamis da la'asar suna zaune a ƙofar shagon Attahir, rediyo na kan benci, sai mai labarai ya ce an yi ambaliya a yammacin Jamus. Ya lissafa garuruwa, Hagen na ciki. Ya ce wasu wurare sun samu fiye da milimita ɗari da hamsin a kwana guda, koguna sun balle, wuta da layukan talho sun yanke, kuma daga cikin waɗanda suka mutu a yankin akwai waɗanda ruwa ya rutsa da su a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Wani dattijo ya ce, "Allah mai iko. Da za a sammana ko rabi."

Aka yi dariya kaɗan. Barmo bai yi ba, don duk majalisar shi kaɗai ya san abin da aka faɗa. Ɗari da hamsin ya kai rabin abin da Falanko ke samu a shekara mai kyau. Da idonsa ya taɓa ganin ruwan milimita arba'in ya cika korama ya tafi da raƙumi da kayansa, a nan inda yashi ke shanye rabi. Can kuwa tuddai ne ta kowane gefe, duk abin da ya zuba a kansu kwari zai nufa, kuma a gindin kwarin akwai ɗaki mai taga daidai ƙafafun mutane. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya miƙe ya ce zai je ya duba akuyarsa. Kowa ya ga tudun gabas ya nufa.

Ya kira sau bakwai. Kowane kira wata mata ce ke amsawa da Jamusanci, murya ɗaya, magana ɗaya. Ya sauko gab da magariba, ya tarar labari ya riga shi gida. Sakinatu ta ajiye masa ruwan alwala, ta tambaye shi ko an samu. Ya ce rezo ne ba kyau. Ba ta tuna masa maganar rami ba, ko da ido. Da ta faɗa da ya samu abin yi wa faɗa, shirun nan ya fi ci masa rai.

Da safen Juma'a ya je wurin ma'auni, ya tarar da shi a bushe, ya rubuta sifiri. Ya tsaya yana kallon kwalbar a hannunsa. Sai ya je bangon ɗakinsa ya auna milimita ɗari da hamsin da yatsa daga ƙasa, ya ja layi da tsinke. Bai kai taƙi guda ba. Yana ta gaya wa kansa cewa abin da bai kai taƙi ba ba zai ci mutum ba, alhali ya fi kowa sanin ba a inda ruwa ya sauka yake tsayawa ba.

Bayan masallaci ya ja Attahir gefe. Kara ta hana shi cewa hankalinsa ya tashi a kan ɗansa, sai ya ce uwar yaron ce ta dame shi. Attahir yana da ƙane, Habibu, da ya daɗe a Jamus. Suka hau tudu tare aka samu Habibu a talho. Barmo ya karɓi talho ya yi masa bayani dalla-dalla: ya shiga mota ya je Hagen, ya nemi gidan mai unguwar bakin kogi, ya ce yana cigiyar wani dogon yaro baƙi ɗan Damargu mai aikin jinya. Ai ba zai ɓata ba.

Habibu ya ce, "Baba, ni ina Hamburg, tsakaninmu ya fi Tanut zuwa Agadas. Jirgin ƙasa ma an ce ba ya shiga can yanzu. Kuma nan ba a cigiya haka. Shekarata shida a gidan da nake, ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba."

"Mutum dubu ɗari da casa'in, a rasa wanda ya san shi?"

"Yawan nasu ne ya sa, Baba. Amma zan yi ta gwada lambarsa."

Suna saukowa Attahir ya ce masa ya yi haƙuri, in Allah ya so alheri za a ji. Barmo ya tsaya cak a tsakiyar yashi. Ya ce, "Attahir, ni na sa shi a ɗakin nan. Ya kawo mini biyu, na zaɓa masa kabari." Attahir ya riƙe masa hannu har suka iso gari.

Asabar da hantsi ya sake hawa tudun. Ya manta hula, ya manta ma'auni, karo na farko cikin shekara ashirin da shida. Bai san Sakinatu ta yafa mayafi ta biyo shi a baya ba. Yana cikin neman lambar sai talhon ya yi ƙara a hannunsa, baƙuwar lamba mai tsawo. Ya san irin wannan kira, da shi ake sanar da mutuwa. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba."

"Abdulgafar!" in ji Barmo. "Abdulgafar, kai ne?"

Shi ne. Muryarsa a dushe, amma shi ne. Ya ce tun ranar Laraba yana wurin aiki bai koma gida ba, ruwa ya shiga hawan ƙasa, suka yi ta ɗaukar tsofaffi a kan kujeru suna hawa da su sama. Wuta ta ɗauke, talhonsa ya mutu, wannan ma na wata abokiyar aiki ne ya ara.

Barmo ya zauna a kan yashi. Ya ce, "Ɗakin fa? Kayanka?"

Sai Abdulgafar ya sassauta murya.

"Baba, ka gafarce ni. Ban ɗauki ɗakin nan ba. Na kan tudu na ɗauka tun farko. Masu gidan bakin kogin sun nuna mini alamar da ruwa ya taɓa bari a bango, na ji tsoro, kuma na kasa gaya maka. An ce wancan ruwa ya cika shi har rufi. Wanda ke ciki ta taga aka jawo shi."

"Kogin da kake jiyar da ni fa?"

"Gangarowa nake yi zuwa gada, Baba. Shi ya sa nake cewa ka dakata."

Barmo ya tuna Juma'o'in nan ɗaya bayan ɗaya, har da na lokacin da ɗan ke ce masa ƙanƙara ta rufe hanya. A gidansa ba a taɓa tsallake maganarsa an kwana lafiya ba. Ya buɗe baki, faɗan da ya saba bai zo ba, hawaye ne suka zo.

"Shekara biyu kana yi mini ƙarya."

"E, Baba."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Barmo. "Gobe ma in na faɗi abin da ban sani ba, ka ce mini to, ka yi abin da ka gani."

Sai a lokacin ya ga inuwar mutum a gefensa. Sakinatu ce tsaye, fuskarta jiƙe, ta miƙo hannu a ba ta talhon. Kafin ta kai shi kunne ta dube shi ta ce, "Ashe dai ka san sunansa, Malam."