Jan Tsumma a Gonar Baba Ilu

Litinin: Katsina zuwa Tasawa

Ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran assalatu, muka bar Katsina. Mu tara ne, ɗaliban aikin gona, bas cike da mu da dashen dogon yaro a leda, za mu Nijar aikin sa kai. Shugabanmu Shamsu tun daga Jibiya yake yi mana lacca kan yadda za mu "wayar da kan ƙauyawa". A Ɗan Isa jandarmomi suka riƙe mu awa biyu kan takardar dashen. Mun ci shinkafa da wake a Maraɗi, muka ƙara tafiyar kilomita ɗari da wani abu, muka shiga Tasawa da la'asar. A ajin wata makaranta aka sauke mu.

Talata: Tasawa zuwa Kona

Bas ba ta iya yashi, sai muka koma buɗaɗɗiyar mota. Direban ya leƙa ledojin, ya yi dariya.

"Icce kuka kawo muna tun daga Najeriya? Sannunku da ƙoƙari."

Gonakin hanya cike suke da gawo, amma ban ɗago zancen direban ba. A wani ƙauye kusa da Kona, Baba Ilu, dattijon da ya yarda a yi dashen a gonarsa, ya tarbe mu da fura da tuwon gero. Ya ce gobe zai je Mayahi gaisuwar mutuwa, kada mu taɓa gonar sai ya dawo.

Laraba

Shamsu ya ce kwana uku gare mu, ba za mu zauna jiran tsoho ba. Ƙarfe bakwai muna gona da adduna. Ko'ina ƙananan kalgo da sabara da gawo ne, wasu sun kai ƙirjina, kowanne da jan tsumma a ɗaure. Na tambaya, ya ce camfi ne kawai, a share fili. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ni ma ban yi gardama ba. Goma sha ɗaya na sare da hannuna.

Alhamis

Da hantsi Baba Ilu ya dawo. Ya daɗe tsaye, sannan ya duƙa ya tsinci tsumma ɗaya.

"Ɗiyata, wa ya ce ku sare?"

Ya ce tohon tsofaffin kututturai ne. Shi yake zaɓar masu ƙarfi, ya rage musu rassa, ya ɗaura tsumma don kada mai neman itace ya taɓa. Shekara shida yana renonsu. Kafin su tashi, iska kan binne masa gero da yashi, sai ya yi shuka sau uku.

"Bana kuma sai yadda Allah ya yi. Naku na leda, rani guda awaki sun gama da shi."

A nan Shamsu ya fito da waya, wai Baba ya riƙe dashe ɗaya a yi hoton rahoto. Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Na ce masa mu ne jahilan, mun zo da takarda da adda mun yi wa talaka ɓarna, sannan ko kunya babu yana neman hoto. Baba Ilu ne ya raba mu, ya ce baƙo ba ya faɗa a gonarsa. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Juma'a: Gida

Baba Ilu ya rako mu har mota da ƙullin gyaɗa. Ni da Shamsu ba mu yi magana ba har Katsina, ƙarfe shida na yamma.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Na gode wa Baba Ilu, wanda bai ci mu tara ba, bai kuma hana mu fura ba. Shamsu ya miƙa rahoto cewa aiki ya yi nasara, na ƙi sa hannu. Tsumman da na roƙa a wurin Baba yana ɗaure yanzu a gonar mahaifina, a jikin wani tohon kalgo da duk shekara nake sa a sare.