Ƙahon da aka kafa wa ƙafar Baba

Har yau ba na gaida wanzamin garinmu, ko a kasuwar Cadawa muka yi kiciɓis. Lokacin da ƙafar Baba ta yi sanyi, yana tafiya gona yana tsayawa, mutumin nan ya rantse mataccen jini ne. Duk Juma'a sai ya kafa masa ƙaho, ya zuƙe jini, ya nuna mana yana taƙama.

A Maraɗi likita ya taɓa bayan gwiwar Baba, ya ce jijiya ce ta toshe, jini ba ya sauka, kuma mun makara. Aka yanke ƙafar.

Ranar sunan ɗana sai ga shi da zabirarsa, wai ya zo aski. Na tare ƙofa na ce, "Sarkin aska, jinin gidan nan da ka sha ya ishe ka."