Kwalbar da Inna ta binne

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Mahamadu, direban da ke ɗauko shinkafa daga Tanda zuwa Gaya. Ba zan cika ku da yabo ba, shi ma ba ya so. Abin da ya faru zan faɗa.

Ƙari ne ya fito masa a wuya. Likita ya yanki ɗan guntu, ya sa a kwalba da ruwan magani, ya ce a kai Yamai. Ni ya yi wa bayani, don ni ce na yi makarantar sakandare, wato lise, a gidanmu. Ya ce ciwon dajin da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, amma a ido duk kamarsu ɗaya. A labo, ɗakin gwaje-gwaje, ake ɗiga wa naman wasu sinadarai na garkuwar jiki, kowanne da alamar da yake maƙale wa a jikin ƙwayar. Wanda ya kama shi ke nuna irin ciwon, daga nan a san maganin.

Na ajiye kwalbar a ɗaki na tafi neman mota. Kafin in dawo, Inna ta haƙa rami a bayan rumbu ta binne naman da kwalbarsa, yadda ake binne mabiyiya.

"Naman ɗana ne za a yi ta yawo da shi tasha-tasha kamar kilishi?" in ji ta.

Na ce, "Inna, kin san abin da kika yi kuwa?"

Daga kan tabarma Yaya ya yi dariya. "Ƙanwata, sassauta. Wuyan yana nan, su sake yanka."

Sai bayan wata biyu aka samu aka sake. Sakamako ya iso da sunan ciwon, amma jiki ya riga ya kasa ɗaukar magani. Likita ya ce ba mai iya rantsewa jinkirin ne sanadi. Ni dai na daɗe ba na iya haɗa ido da Inna.

Da yana nan, da ya ce in ƙyale tsohuwa ta huta. Haƙurinsa ban gada ba, motarsa kuma an sayar. Na ɗauka ba abin da ya bari sai wannan shirun tsakanina da uwata.

Bana aka yanki ƙari a hammatar matar maƙwabcinmu, aka sa a kwalba, dangi suka fara zancen binne naman. Kafin in buɗe baki, Inna ta yafa mayafi, ta karɓe kwalbar.

"Ke, tashi ki raka ni tasha. Kuma ba a cikin kaya za a sa ta ba. A cinyata za ta je Yamai."