Yarinyar da ake duka saboda harara

"Kin gani ko, Likita? Ke ma ga shi tana hararar ki."

Haka wani magidanci daga wajen Zango ya ce mini ɗazu a ɗakin duba ido, yana nuna 'yarsa mai shekara bakwai. Ta karkatar da kai, tana kallona ta gefen ido. Ya ce malamin Islamiyya ya yi duka har ya gaji, shi ma haka. Uwarta ce ta matsa a kawo ta Daura.

Wata huɗu ke nan da fara aikina, don haka sau uku na haska cikin idonta, sannan na kira babban likita ya tabbatar. Jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ce ba ta gama girma ba tun yarinyar tana cikin uwarta. Idon hagu ba ya gani, na dama kuma ta gefe ɗaya yake gani.

Na ce, "Baba, ba harara ba ce. In ba ta karkata ba, ba za ta ga fuskarka ba. Tabarau ba zai gyara ba. A daina dukanta, ga takarda ku je Katsina a ƙara bincike."

Ya ce, "Ba magani, ba tabarau? Ashe zuwan banza muka yi."

A bakin ƙofa yarinyar ta juyo za ta yi mini sallama, ya daka mata tsawa: "Sunkuyar da kanki!" Ta sunkuyar, ta yi karo da benci.

Takardar ma a kan teburina ya bar ta. Ku da kuka daɗe a aikin nan, da wane baki ake fahimtar da uba irin wannan?