Yadda Inna Mai Guga Ta Nemo wa Auta Mata

Duk wanda ya zauna a gidan hayar nan mai bene na bayan tashar mota ya san Inna Mai Guga. Shekara da shekaru tana tsaye gaban teburinta a gindin matakala, tana yayyafa wa rigunan ma'aikata ruwa da yatsu, baki kuwa ba hutu.

Mutanen su Inna ba su da yawa a garin, 'yan gidaje ne da suka biyo aikin masaƙa tun zamanin iyaye. Yarensu daban, kuma a junansu suke aure. In ka bi diddigin amarya, sai ka tarar jikar wan kakan ango ce. Haka aka yi na Inna, ta haifi uku. Ta tsakiyar ciwon sikila ya ɗauke ta tana 'yar makaranta, bayan an sha zaryar asibiti.

Shi ya sa da Auta, ɗanta mai gyaran firiji, ya isa aure, ta ce yarinya dai ta zama tasu, kuma a gwada jini tun magana ba ta yi nisa ba, don shi ma yana ɗauke da ƙwayar ciwon. Aka gwada ta farko, jini bai dace ba. Ta biyu ma haka. Ta uku har an fara taya kujeru, aka fasa. 'Yan matan dangi suka ƙare, sai na goye. Furfura ta fara leƙowa a gemun Auta.

"Inna, ki bar ni in auri firiji kawai," in ji shi. "Shi ba ruwansa da gwaji."

Ko murmushi ba ta yi ba.

To, a saman bene akwai Matar Kafinta, 'yar wata ƙabila, wadda suka daɗe suna faɗa da Inna a kan igiyar shanya. 'Yarta malamar firamare ce. Inna ta jima da lura cewa firijin Matar Kafinta ya cika lalacewa, kuma ba ya lalacewa sai Malama tana gida. Da can kau da kai take yi. Ran nan ta kashe dutsen guga, ta hau sama.

"Lafiya?" in ji Matar Kafinta. "Yau ban taɓa igiyarki ba."

"'Yarki na zo nemar wa Auta."

"Ku da ko gaisuwa sai kun tambayi asalin mutum? Naku sun ƙare ne?"

"Sun ƙare," Inna ta ce, ta zayyana mata komai.

Matar Kafinta kuwa ita ma ta sha taya Inna ɗaukar marigayiyar zuwa asibiti, duk da faɗan nasu.

"In danginku suka hantare mini 'ya fa?"

"Sai sun fara da ni."

Ai kuwa da ita suka fara. Wan mijinta ya zo har gindin matakala yana huci. "Jikokin naki da wane yare za su gaishe ki?"

"Su dai su rayu, Yaya, ko da hannu ne su gaishe ni."

Ya juya ya tafi.

Ranar gwaji iyayen biyu suka zauna a barandar asibiti, benci ɗaya. Karon farko ke nan da aka ga Inna ta yi tsit, sai murza gefen mayafi take yi. Can Auta ya fito daga ofishin likita, Malama na biye da shi tana sunkuyar da kai.

"Inna, ya dace. Jininta lafiya lau."

Inna ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce a ba ta ruwa. Sai da ta shanye tas sannan ta dubi Matar Kafinta.

"Sai ki koya mini yadda ake sannu da zuwa da yarenku, kafin danginki su iso."

"Da wannan kan naki? Auta, ka tanadi haƙuri, bikinka sai baɗi."