Falalu Da Famfon Bahon Ƙanensa

An haifi Falalu a Gangara, a gidan masu yashe rijiya, kuma shi ne ɗan fari. Tun bai kai shekara sha biyar ba ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi cikin rijiya. Da aka fara shimfiɗa tiyo a Tanut sai ya bi masu aikin, yana haƙa yana kallon hannunsu, har ya iya. Shekara ashirin da huɗu yana gyaran famfo, da kile guda biyu na kwance ƙarfe da sandar geza. Yakan ɗora kan sandar a jikin tiyo, ya sa ɗaya kan a kunne, ya faɗa maka inda ruwa ya tsaya.

Mahaifiyarsa, Inna Fadimata, a gidansa ta zauna bayan rasuwar mijinta. Saboda alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mutumin Gangara". Ƙanensa Attahir kuwa, auta, sunansa kullum yana bakinta.

Attahir ya yi aiki a Arlit, ya dawo ya gina gida a Belbeji, da tanki a kan soro da makewayi a cikin ɗaki. Har baho ya sa, fari, irin wanda mutum ke kwanciya a ciki. Ya zo da mota ya ɗauki Inna, ya ce ta huta da buta da bokiti. Falalu ya taya su ɗaure kaya. Amma bai ci tuwo ba ranar. Kuma tiyon gidan kaf, wani aka ɗauko daga Damagaram ya ɗora, mai takardar makaranta, ba a nemi shawarar Falalu ba ko da ta waya.

Bayan wata biyar labari ya iso Tanut cewa famfon bahon ya koma ɗiga kamar hawaye. Na tsakar gida yana zuba, na kicin yana zuba, shi kaɗai ya ƙi. An sake kiran mutumin Damagaram, ya hau soro, ya sauko, ya ce sai an ƙara wa tankin tsawo. Aka ƙara. Bai canza ba. Falalu yana jin duk wannan a bakin direbobin tasha, kuma Allah ya sani, yana jin daɗinsa. Tun ranar farko ya san cewa idan famfo ɗaya ne ya ƙi, ba a neman laifin a sama.

Da sunan jaririn Attahir ya zo, dole ya je. Ya sa kilensa a aljihun riga, ya ɗauki sandarsa, yana gaya wa kansa mantuwa ce.

Bayan an ci abinci Attahir ya zauna kusa da shi.

"Yaya, ko za ka ɗan leƙa mana famfon nan?"

"Ni? Ai ni mai rijiya ne. Ina injiniyanka?"

"Ya ce sai an fasa bango."

"To fasa mana. Ai kana da bango da yawa."

"Inna ce ke wahala, Yaya. A nan take tara ruwanta."

Falalu ya tashi. A makewayin ya tarar da bahon an rufe rabinsa da faifai uku, da moɗa a gefe. Inna ba ta taɓa shiga cikinsa ba, randa ta mayar da shi. Ya buɗe famfon, ya sa sandarsa, ya ji ruwa yana tafe da ƙarfi har bakin ƙarfen. Ya rufe, ya kwance ɗan murfin da ke bakin famfon. A ciki, an cusa ƙyallen ɗankwali, an naɗe shi tsaf, ya sha yashi da laka har ya yi tauri kamar dutse.

Ya san hannun. Inna ta girma da ruwan tafki, kuma tun da take ba ta taɓa shan ruwan da ba a tace da ƙyalle ba.

Sai ya ji ta a bayansa, tana dogara sanda.

"Mutumin Gangara, ka gani ke nan."

"Na gani, Inna."

"Da na ɗaura shi a waje, Attahir ya ce ina ɓata masa gida. Sai na sa a ciki. Da ya ƙi fita kuma na ji kunyar faɗa, ga shi an yi ta hawa soro."

Falalu ya tsaya da ƙyallen a tafinsa. A zaure akwai mutum talatin. Da ya fita da shi ya ɗaga, da an yi shekara ana dariyar Attahir da injiniyansa. Ya daɗe yana jiran irin wannan rana. Amma dariyar sai ta biyo ta kan Inna kafin ta kai gare su.

Ya sa ƙyallen a aljihu. Ya wanke murfin, ya buɗe famfo, ruwa ya daki bahon har aka ji a tsakar gida.

"Kina da wani ƙyallen?" ya tambaye ta a hankali.

Ta yago daga bakin mayafinta. Ya ninka shi sau ɗaya kawai, ya shimfiɗa, ya mayar da murfin.

Attahir ya shigo da sauri. "Yaya, mene ne?"

"Ruwan Belbeji ne. Ba a koyar da shi a Damagaram. Zai sake, duk bayan sati uku. Kada kowa ya taɓa, ni za a kira."

Haka aka yi shekara huɗu. Duk sati uku Falalu yana hawa motar kasuwa zuwa Belbeji, ya shiga makewayin ya tura ƙofa, ya canza ƙyalle, sannan ya zauna a ɗakin Inna ya sha fura har la'asar. Gidan bai daina ba shi haushi ba, ko sau ɗaya bai yabi fentinsa ba. Attahir ya sha roƙonsa ya nuna masa gyaran don ya rage masa wahalar hanya. Falalu yakan ce, "Ka riƙe gidanka, ka bar mini famfon."